Addinin Sikh: asalinsa, aƙidarsa da gwagwarmayarsa da bambancin asali

Sikh addini ne da ya samo tushe a yankin Punjab, wanda yau ya rabu tsakanin Indiya da Pakistan, a ƙarshen ƙarni na 15. Ana ƙiyasta mabiyansa tsakanin miliyan 25 da miliyan 30 a duniya. Ƙidayar Indiya ta shekarar 2011 ta samu Sikh miliyan 20.8, wato kashi 1.7 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, kuma su ne mafi rinjaye a jihar Punjab ta Indiya. Ma'anar kalmar Sikh a harshen Punjabi ita ce almajiri.

A Maraɗi da Madarunfa da sauran garuruwan Hausa, an fi ganin mabiya wannan addini a finafinan Indiya: mutum mai naɗaɗɗen rawani da cikakken gemu, sunansa na ƙarewa da Singh. Wasu masu kallo kan ɗauka Musulmi ne saboda rawanin, wasu kuma su ce wani reshe ne na Hindu. Sikh addini ne mai zaman kansa, da littafinsa da wuraren ibadarsa da dokokinsa. Abin da ya haife shi shi ne ƙin yarda da raba mutane daraja-daraja bisa gidan da aka haife su, da kuma ƙin ibadar ganin ido.

Ƙasar da ya taso a cikinta

A wancan zamani sarakunan Musulmi na gidan Lodi ne ke mulkin Punjab daga birnin Delhi, akasarin talakawa kuma Hindu ne. Al'ummar Hindu ta kasu aji huɗu: malaman addini da ake kira Brahmin, sai sarakuna da mayaƙa, sai ƴan kasuwa da manoma, sai masu aikin hidima. Ƙasa da waɗannan duka akwai mutanen da ba a ma lissafa su, waɗanda yau ake kira Dalit: majema, masu shara, masu kwashe mushe. Ana ɗaukar taɓa su a matsayin ƙazanta. Ba sa ɗiban ruwa a rijiyar manya, ba sa shiga wurin bauta, ba a cin abinci tare da su. Mutum na mutuwa a ajin da aka haife shi, ɗansa kuma ya gaje shi.

Mata ma suna da nasu nauyin. A wasu gidajen manya, idan miji ya mutu akan ƙone matarsa da ranta tare da gawarsa, al'adar da ake kira sati. Wadda ta tsira daga wannan ba ta sake aure.

Tun kafin zuwan Sikh akwai masu sukar wannan tsari. Daga ɓangaren Hindu akwai mawaƙan bege da ke cewa son Ubangiji ya fi tsafe-tsafen malamai. Daga ɓangaren Musulmi akwai shehunan Sufaye da ke ciyar da kowa a zawiyoyinsu. A tsakanin waɗannan koguna biyu Guru Nanak ya taso.

Guru Nanak

An haifi Nanak a shekarar 1469 a ƙauyen Talwandi, yamma da birnin Lahore, wanda yanzu ake kira Nankana Sahib a Pakistan. Ke nan ya yi zamani da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa da Askiya Muhammadu na Songhai, kuma yana saurayi lokacin da Shehu Al-Maghili ya zo Kano da Katsina. Iyayensa Hindu ne na ajin ƴan kasuwa da ake kira Khatri, mahaifinsa kuma mai lissafin harajin ƙauye ne. Nanak ya yi aure, ya haifi ƴaƴa maza biyu, ya yi aikin tsaron rumbun hatsi na gwamna Daulat Khan Lodi a garin Sultanpur.

Littattafan tarihin rayuwarsa da mabiya suka rubuta bayan mutuwarsa sun ce yana da kimanin shekara 30 ya shiga wanka a rafin Bein ya ɓace kwana uku. Da ya dawo sai ya bar aiki, ya fara shelar cewa a gaban Mahalicci sunan Hindu ko Musulmi ba shi ne ma'auni ba, aikin mutum da gaskiyar zuciyarsa su ne ma'auni. Ya shafe shekaru yana tafiye-tafiye, kuma bisa ruwayar mabiyansa har Makka da Bagadaza ya kai.

Abokin tafiyarsa Musulmi ne mai suna Mardana, ɗan gidan Mirasi, wato maroƙa da makaɗa na gado waɗanda manya ke rainawa. Nanak na rera baitoci, Mardana na kaɗa masa rabab, wani abin kiɗa mai tsirkiya dangin garaya. Tafiyar ɗan Khatri da maroƙi Musulmi, suna ci tare suna kwana tare, ita kanta wa'azi ce a wancan zamani.

Nanak ya ga mamayar Babur, wanda ya kafa daular Mughal a 1526, kuma ya yi baitoci a kan wahalar da mata da talakawa, Hindu da Musulmi, suka sha a yaƙin. Daga baya ya zauna a Kartarpur a bakin kogin Ravi, yana noma da hannunsa tare da almajiransa. A nan ya rasu a 1539. Bai bar wa ƴaƴansa jagoranci ba, ya zaɓi almajirinsa Lehna, ya sa masa suna Angad.

Ginshiƙan aƙida

Sikh sun yi imani da Ubangiji ɗaya, wanda ba a haife shi ba, ba ya mutuwa, ba shi da siffa, kuma ba ya sauka duniya cikin jikin mutum. Sunan da suka fi kiransa da shi shi ne Waheguru. Ba sa ajiye gumaka a wuraren ibadarsu. A nan suka rabu da yawancin Hindu. Sai dai sun yarda cewa rai na sake dawowa duniya cikin wani jiki gwargwadon aikinsa, kuma suna ƙone gawa. A nan suka rabu da Musulmi, waɗanda suka yi imani da rayuwa ɗaya, tashin ƙiyama da hisabi. Haka kuma ba su da azumin farilla, ba su da aikin hajji.

A koyarwar Nanak, babban ciwon ɗan Adam shi ne haumai, wato ji-da-kai, mutum ya ɗauki kansa cibiyar komai. Daga wannan ciwo ne ɓarayi biyar ke shiga zuciya: sha'awa, fushi, kwaɗayi, maƙalewa ga abin duniya, da girman kai. Tsira ita ce rai ya kuɓuta daga zuwa da komowa ya sadu da Mahaliccinsa, kuma hakan ba ya samuwa sai da rahamarsa.

Hanyar da aka shimfiɗa wa mabiyi tana da rassa uku. Na farko, ambaton sunan Ubangiji kullum, musamman da asuba kafin gari ya waye. Na biyu, cin gumin kai, ba zamba ba bara. Na uku, raba abin da aka samu da wasu. Al'adar da ta kafu ita ce fitar da kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu. Nanak ya soki masu guje wa duniya su tare a duwatsu da dazuzzuka, sannan su dawo suna roƙon abinci a ƙofar waɗanda suka raina. A wurinsa magidanci mai noma, mai ciyar da iyali, mai tuna Ubangiji yana cikin aikinsa, shi ne cikakken mai ibada. Saboda haka babu ajin malamai na gado a Sikh: duk wanda ya iya karatun littafin, namiji ko mace, bisa ƙa'ida yana iya jagorantar ibada.

Wa'azin da ake yi da akushi

Masu sukar bambancin asali sun yi yawa a Indiya kafin Nanak. Abin da ya sa Sikh ya yi tsawon rai shi ne ya mayar da sukar ta zama aikin yau da kullum. Tun a Kartarpur aka kafa langar, wato ɗakin girki na jama'a. Dokarsa ita ce kowa ya zauna a ƙasa, sahu-sahu, kafaɗa da kafaɗa, a ci abinci iri ɗaya. A ƙasar da Brahmin ke zubar da abincinsa idan inuwar majemi ta faɗa kai, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Guru na uku, Amar Das, wanda ya jagoranta daga 1552 zuwa 1574, ya sa doka cewa duk mai son ganinsa sai ya fara zama a langar. Ruwayar Sikh ta ce har Sarki Akbar ya bi wannan doka da ya kawo masa ziyara a Goindwal. Amar Das ya hana ƙone matar mamaci, ya yarda bazawara ta sake aure, ya kuma naɗa mata cikin masu wa'azi.

Har yau kowane gurdwara, wato wurin ibadar Sikh, yana da langar. Ba a dafa nama a ciki, domin Hindu da Musulmi da kowa su iya ci. Abincin yawanci gurasa ce da miyar wake irin nasu da shinkafa. Masu girki da masu wanke-wanke ƴan sa-kai ne, aikin da suke kira seva. A babban wurin ibadarsu na Amritsar ana ƙiyasta cewa mutum dubu 50 zuwa dubu 100 ke cin abinci kyauta a kowace rana. Ginin kansa an yi masa ƙofa huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, alamar cewa ba a rufe wa kowa hanya ba.

Littafin da masaƙi da wanzami suka shiga

Guru na biyu, Angad, ya daidaita baƙaƙen rubutun Gurmukhi domin talaka ya karanta addini da harshensa maimakon Sanskrit na malamai. Guru na biyar, Arjan, ya tattara baitocin magabata cikin littafi ɗaya a 1604. Littafin, wanda yanzu ake kira Guru Granth Sahib, yana da shafi 1,430 a bugun da aka daidaita, kuma kusan duka waƙa ne da ake rerawa.

Abin lura shi ne jerin waɗanda aka shigar. Ban da baitocin Guru shida, akwai na bayin Allah 15 da ba Sikh ba ne. Cikinsu akwai Kabir, masaƙi daga gidan Musulmi a Banaras, Ravidas, baduku mai aikin fata, Namdev, maɗinki, Sain, wanzami, da Sadhna, mahauci. Mutanen da ba a bari su taka dokin ƙofar ɗakin bauta, maganarsu ce yau ake ɗorawa a kan karaga ana yi mata fifita.

Akwai kuma baitocin Shehu Farid, wanda ake kira Baba Farid, waliyyi Musulmi na ɗariƙar Chishtiyya da ya rasu a ƙarni na 13. Kabarinsa na Pakpattan a Pakistan, inda dubban mutane ke kai ziyara kowace shekara. Mutanen Madarunfa, waɗanda ke karɓar masu ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ke kewayen tafkinsu, wurin da aka shigar a jerin sharar fage na hukumar UNESCO a 2006, sun san irin matsayin da waliyyi ke da shi a zukatan jama'a. Bambancin shi ne Sikh sun ɗauki maganar Farid suka bar kabarinsa, domin dokarsu ta hana bautar kaburbura.

Daga tasbaha zuwa takobi

Ƙaruwar mabiya ta jawo hankalin masu mulki. A 1606 aka kashe Guru Arjan a Lahore da umarnin Sarki Jahangir. Ɗansa Hargobind ya rataya takobi biyu, ɗaya alamar ikon duniya, ɗaya alamar ikon ruhi. A 1675 aka fille kan Guru na tara, Tegh Bahadur, a Delhi zamanin Sarki Aurangzeb. Sikh sun ce ya mutu ne yana kare ƴancin Hindu na Kashmir su yi addininsu.

Ɗansa Gobind Singh, Guru na goma, shi ya kafa Khalsa a garin Anandpur a 1699. Bisa ruwaya, ya zare takobi a gaban taro ya nemi wanda zai ba da kansa. Mutum biyar suka fito ɗaya bayan ɗaya, daga garuruwa da sana'o'i daban-daban, cikinsu har da manomi, ɗan garuwa da wanzami. Aka dama ruwa da sukari da takobi mai kaifi biyu a kwanon ƙarfe, duka suka sha daga kwano ɗaya, sannan Guru ya durƙusa ya roƙi su ba shi shi ma.

Daga ranar maza suka ɗauki sunan Singh, wato zaki, mata kuma daga baya suka kafu a kan Kaur. Hikimar ita ce a Indiya sunan dangi ke tona asalin mutum. Idan kowa Singh ne, ba a gane ɗan majemi da ɗan sarki. Rawani ma da kayan manya ne, sai aka ɗora shi a kan kowa. Wanda ya shiga Khalsa yana riƙe alamomi biyar: gashin da ba a askewa, matajin katako, munduwar ƙarfe, gajeren wando, da wuƙa ko ƙaramin takobi. An hana shi taba da kayan maye da zina, da kuma cin naman da aka yanka ta hanyar yankan addini, har da yankan Musulmi.

Kafin rasuwarsa a 1708, Gobind Singh ya rufe jerin Guru na mutane, ya ce daga nan littafin ne Guru.

Mulki, Turawa da sabon gyara

Maharaja Ranjit Singh ya kama Lahore a 1799 ya kafa daular Sikh, a daidai zamanin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ke shirin jihadin 1804 wanda ya sa sarakunan Katsina na Haɓe suka kafa Maraɗi. Shi ya lulluɓe ginin Amritsar da zinariya. Ministansa na harkokin waje, Fakir Azizuddin, Musulmi ne, amma a zamanin daular ne kuma aka mayar da babban masallacin Badshahi na Lahore ma'ajiyar sojoji, abin da Musulmin yankin ba su manta ba. Ya rasu a 1839, Ingila ta haɗiye Punjab a 1849.

A lokacin, yawancin gurdwara sun faɗa hannun masu riƙo na gado da suka dawo da gumaka, suka kuma riƙa ƙin karɓar sadakar Sikh ƴan asalin Dalit. Ƙungiyar Singh Sabha, da aka kafa a Amritsar a 1873, ta tashi gyara da makarantu da jaridu. A 1920 aka kafa kwamitin kula da gurdwara, kuma bayan zanga-zangar da ta ci rayuka, musamman kisan Nankana Sahib na 1921, dokar 1925 ta damƙa wuraren ibadar ga wakilan da jama'a ke zaɓa.

Rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta tsaga Punjab biyu. Miliyoyi suka yi hijira, dubban ɗaruruwan Musulmi, Sikh da Hindu suka mutu, mahaifar Nanak da Kartarpur suka koma cikin Pakistan. A watan Yuni na 1984 sojojin Indiya suka kutsa harabar Amritsar don fitar da ƴan bindiga masu neman ɓallewa. Ranar 31 ga Oktoba masu gadinta biyu ƴan Sikh suka harbe Firaminista Indira Gandhi, aka kashe Sikh kusan dubu 3 a Delhi cikin ƴan kwanaki. Manmohan Singh, Sikh na farko da ya zama firaminista, daga 2004 zuwa 2014, ya nemi gafara a majalisa a 2005. A watan Nuwamba na 2019 aka buɗe hanyar Kartarpur domin masu ziyara daga Indiya su tsallaka ba tare da biza ba.

Sikh a duniya

Ƙidayar 2021 ta samu Sikh kimanin dubu 770 a Kanada da fiye da dubu 520 a Ingila da Wales. A Afirka sun fi kafuwa a Kenya, inda Turawa suka kawo su aikin layin dogo na Mombasa daga 1896. Ajay Banga, wanda ya zama shugaban Bankin Duniya a 2023, Sikh ne.

Rawanin ya sa sun sha raba ƙaddara da Musulmi. Ranar 15 ga Satumba 2001 aka harbe Balbir Singh Sodhi, mai gidan mai a jihar Arizona ta Amurka, saboda maharin ya zaci Musulmi ne. A Faransa, dokar 15 ga Maris 2004 da ta hana alamomin addini a makarantun gwamnati ta shafi ɗalibai mata Musulmi da yaran Sikh lokaci guda.

Abin da bai ƙare ba

Shekara fiye da 500 bayan Nanak, bambancin asali bai bar Punjab ba. Kusan kashi 32 cikin ɗari na mutanen jihar Dalit ne bisa ƙidayar 2011, amma gonaki na hannun manoma ƴan ajin Jat. A ƙauyuka da dama Dalit na da nasu gurdwara da nasu wurin ƙone gawa, aure kuma yawanci a cikin dangi ake yinsa. Bayan kashe wani jagoransu a birnin Vienna a 2009, wani ɓangare na mabiya Ravidas ya ayyana kansa addini daban a 2010. Ta fuskar mata, ƙidayar 2011 ta nuna mace 895 ga kowane namiji dubu a Punjab saboda fifita ɗa namiji, kuma har yanzu ana muhawara kan barin mata su rera baitoci a cikin babban ɗakin Amritsar.

Matsalar ba baƙuwa ba ce a Nijar. Musulunci ya ce taƙawa ce ma'aunin daraja, amma har yau akan fasa aure a wasu gidaje idan bincike ya nuna saurayi ɗan mahauta ne, ɗan maroƙa, ko jikan bayi. Sai a 2003 dokar ƙasa ta mayar da bauta babban laifi, a 2008 kuma kotun CEDEAO ta samu gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani daga bauta. A Punjab, langar ya yi nasarar zaunar da ɗan Jat da ɗan majemi a tabarma ɗaya su ci abinci. Batun aure da gadon gona kuwa, ƙungiyoyin Dalit na Sikh na ci gaba da kai kukansu gaban shugabannin addini a Amritsar da kotunan Indiya.